Rumbun Sassan Fuskar Shafi Na Bai-ɗaya A Ayyukan Intanet: Darasi Daga Manchester Da Birmingham

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan wata hanya ta gina shafukan intanet wadda ta zama ruwan dare a shekarun nan, wato tara sassan fuskar shafi, kamar maɓallai da guraben rubutu da saƙonnin gargaɗi, a rumbu guda domin ma'aikata daban-daban su riƙa ɗiba suna gini da su. An ɗauki rumbun GOV.UK Frontend na gwamnatin Birtaniya a matsayin misali, aka dubi yadda yake aiki a biranen Manchester da Birmingham. Maƙalar ta nuna cewa amfanin irin wannan rumbu da haɗarinsa tushensu ɗaya ne: duk abin da aka sa a cikinsa, gyara ne ko kuskure, yana isa ko'ina. A ƙarshe an yi tsokaci a kan abin da hakan ke nufi ga harshen Hausa, musamman haruffa masu lanƙwasa da tsarin sunaye.

Fitilun kalmomi: rumbun sassa, fuskar shafi, GOV.UK, daidaito, naƙasassu, Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Yuni na 2021, duk motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba, idan ta shiga tsakiyar birnin Birmingham, sai mai ita ya biya kuɗi: fam 8 a rana ga ƙananan motoci, fam 50 ga bas-bas da manyan motocin ɗaukar kaya. Babu shinge a kan hanya, babu mai karɓar kuɗi. Na'urorin ɗaukar hoto ne ke karanta lambar mota, direba kuma ya shiga shafin gwamnati ya biya kafin wa'adi ya cika. Wanda ya saɓa, tarar fam 120 ce ke jiran sa, ko da yake ana rage ta zuwa rabi ga wanda ya biya cikin kwana 14.

A ɗauka direba ne ya taso daga Manchester, tafiyar kimanin kilomita 140, bai taɓa buɗe wannan shafi ba. Da ya buɗe, sai ya tarar da abubuwan da idonsa ya saba da su: tambaya ɗaya a kowane shafi, gurbin rubutu mai baƙin zagaye, koren maɓalli na ci gaba, da jan akwatin gargaɗi a sama idan ya yi kuskure. Da irin su ya sabunta fasfonsa, da irin su ya biya harajin mota. Wannan sabo ba haɗuwar sa'a ba ce. Ma'aikatan da suka gina waɗannan shafuka ba ofishinsu ɗaya ba, wasu ma ba su taɓa haɗuwa ba, amma daga rumbu ɗaya suka ɗebi kayan gini. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace yadda irin wannan rumbu yake, da yadda ake amfani da shi, da kuma nauyin da yake ɗora wa masu amfani da shi.

2.0 Ma'anar Rumbun Sassa

Kowane shafin intanet yana da ɓangarori biyu. Akwai na ɓoye, inda ake adana bayanai da yin lissafi a kan manyan kwamfutoci, akwai kuma na sarari, wato abin da mutum ke gani yana taɓawa a cikin burauzarsa. Wannan na biyu shi ake kira fuskar shafi a wannan maƙala. Da harsunan kwamfuta uku ake gina ta: HTML shi ke tsara ƙashin bayan shafi, CSS ya ba shi kala da siffa, JavaScript kuma ya ba shi motsi.

Idan aka lura, fuskar shafi ba dunƙulallen abu ba ce. Ƙananan sassa ne da ke maimaita kansu: maɓalli, gurbin rubuta suna, gurbin kwanan wata, akwatin zaɓi, jadawali, kan shafi da ƙasansa. Rumbun sassa shi ne wurin da aka gina kowane ɗaya daga cikin waɗannan sau ɗaya, aka gwada shi, aka rubuta bayanin yadda ake amfani da shi, sannan aka ajiye domin kowa ya ɗauka. Misalinsa kamar masu buga bulo ne a gari da suka yarda su yi aiki da ma'auni ɗaya. Magini na iya sayen bulo a wurare uku ya ɗora su a katanga ɗaya ba tare da sassaƙa ba.

Ya kamata a bambance rumbun sassa da tsarin zane. Rumbu shi ne ainihin rubutaccen umarnin da kwamfuta ke karantawa. Tsarin zane ya fi shi faɗi, domin ya haɗa da ƙa'idojin kala da haruffa, da shawarwari a kan lokacin da ya dace a yi amfani da sashe kaza da lokacin da bai dace ba, da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi da mutane.

3.0 Waiwaye A Kan Tarihi

Tunanin daidaita sassa ya girmi kwamfuta, kuma Manchester na da kaso a cikinsa. Kafin 1841, kowace maƙera a Birtaniya da irin zaren da take yanka wa kusoshinta masu murɗawa, ta yadda noti na wannan masana'anta ba ya shiga kusar waccan. A wannan shekara ce Joseph Whitworth, injiniya mai masana'anta a Manchester, ya gabatar da ma'auni guda na zaren kusa mai kusurwar digiri 55. Kamfanonin jiragen ƙasa suka karɓe shi, a hankali ya zama ma'aunin ƙasa. Birnin ne kuma ya ga kwamfutar farko da ta gudanar da shirin da ke adane a ƙwaƙwalwarta ta lantarki, a Jami'ar Manchester, ranar 21 ga Yuni, 1948.

A fagen manhaja, Douglas McIlroy ya yi kira a wani taro da aka yi a Garmisch ta Jamus a 1968 da a riƙa ƙera sassan manhaja kamar yadda masana'antu ke ƙera kayan gyara. An daɗe kafin kiran ya tabbata a fuskar shafi. Kamfanin Twitter ya saki Bootstrap a 2011, Facebook ya saki React a 2013, Google kuma ya fito da Material Design a 2014. Daga nan ne gina shafi da shiryayyun sassa ya zama al'adar sana'ar.

4.0 Rumbun GOV.UK Da Biranen Biyu

A 2010 Martha Lane Fox ta miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoto a kan ayyukanta na intanet, wanda ya kai ga kafa hukumar ayyukan dijital ta gwamnati, wato GDS, a 2011. A watan Oktoba na 2012 aka buɗe GOV.UK, ya maye gurbin shafukan Directgov da Business Link. Da farko kayan ginin fuskar shafin a warwatse suke cikin kundaye daban-daban. A watan Yuni na 2018 aka haɗe su aka ƙaddamar da tsarin zane guda, tare da rumbunsa mai suna GOV.UK Frontend. Rumbun a buɗe yake ga kowa a ƙarƙashin lasisin MIT, ana sauke shi ta ma'ajiyar npm.

Yadda ake aiki da shi ba shi da wuyar fahimta. Mai gina shafi zai ambaci sunan rumbun da lambar bugun da yake so a cikin jerin abubuwan da aikinsa ya dogara da su. Idan yana buƙatar gurbin kwanan wata, ba zai zauna ya ƙirƙira ba. Zai kira sashen da sunansa, ya ba shi tambayar da za a nuna, sashen kuma ya fito da gurabe uku, na rana da wata da shekara, tare da alamomin ɓoye da manhajar karanta allo ke buƙata domin makaho ya ji abin da ake tambayar sa. Ƙa'idojin aikin gwamnati guda 14 da ake tantance manyan shafuka da su sun tanadi, a ƙa'ida ta 13, cewa a yi amfani da sassa na bai-ɗaya, a kuma ba da gudummawa wajen inganta su.

Manchester da Birmingham na cikin wuraren da ake wannan aiki kullum. GDS na da ma'aikata a Manchester baya ga Landan da Bristol. Sashen dijital na Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wato DWP, yana da cibiyoyi a biranen biyu, tare da wasu a Leeds da Sheffield da Newcastle da Blackpool da Landan. Ma'aikacin da ke Birmingham zai iya karɓar aikin da aka fara a Manchester ya ci gaba da shi, saboda sunayen sassan da halayensu duk ya san su. Ma'aikatun da ke da buƙatu na musamman, kamar DWP da hukumar haraji da Ma'aikatar Shari'a, sun gina nasu ƙarin sassan a kan wannan tushe maimakon su fara daga farko.

Ko haruffan shafin suna da alaƙa da hanyar da ta haɗa yankunan biyu. An samo su ne daga salon haruffan da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana wa allunan hanya, waɗanda aka fara kafawa a hanyar kewayen Preston a 1958. Wannan hanya yanzu wani yanki ne na babbar hanyar M6, wadda ke ratsa Birmingham ta wuce ta yammacin Manchester. Hikimar guda ce a kan titi da kan allo: mutumin da ke cikin sauri ko damuwa kada a sa shi koyon sabuwar alama a kowace mararraba.

5.0 Yadda Gyara Ke Yaɗuwa

An fi ambaton rage kuɗi da lokaci a matsayin amfanin rumbu, kuma haka ne. Sai dai babban amfaninsa shi ne tara ilimi. Misalai uku za su fayyace wannan.

Na farko ya shafi masu amfani da madannai kawai, waɗanda ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta. Irin waɗannan mutane suna tsallakawa ne daga sashe zuwa sashe da madanni guda, don haka dole su ga inda suka tsaya. A 2018 Birtaniya ta kafa dokar da ta wajabta wa hukumomin gwamnati sauƙaƙa shafukansu ga naƙasassu, aka ba tsofaffin shafuka wa'adi zuwa 23 ga Satumba, 2020. A bugu na 3 na rumbun, wanda ya fito a watan Yuli na 2019, aka sake alamar tsayawa ta zama rawaya mai haske haɗe da baƙin layi mai kauri, domin ta fito sarai a kan kowace kala. Duk aikin da ya ɗauki sabon bugun ya sami gyaran, ba tare da ma'aikatansa sun sake yin binciken ba.

Na biyu ya shafi gurbin rubuta lambobi. Harshen HTML yana da wani nau'in gurbi na musamman domin lambobi, kuma a zahiri shi ya fi dacewa. Gwaji ya nuna akasin haka: lambar na iya canzawa idan mutum ya murza linzami bisa kuskure, wasu burauzoji kan jefar da harafin da aka buga ba tare da sun sanar ba, wasu manhajojin naƙasassu kuma ba sa aiki da shi yadda ya kamata. A farkon 2020 masu kula da rumbun suka bayyana cewa sun koma amfani da gurbin rubutu na yau da kullum, wanda ke umartar waya ta fito da madannan lambobi. Ƙaramin aiki mai ma'aikata uku ko huɗu da wuya ya gano wannan matsala shi kaɗai.

Na uku shi ne sashen fita da gaggawa, wanda aka ƙara a 2023 domin waɗanda ke neman taimako a kan cin zarafi a cikin gida. Maɓalli ne da ke rufe abin da ke kan allo nan take ya kai mutum shafin hasashen yanayi na BBC, kuma ana iya kunna shi ta danna madannin Shift sau uku. A nan kuskure na iya jefa rai cikin haɗari, saboda haka gara a gina shi sau ɗaya cikin natsuwa da a bar kowace ƙungiya ta yi nata gwargwadon fahimtarta.

6.0 Nauyin Da Ke Tattare Da Shi

Hanyar da gyara ke bi ya isa ko'ina, ita kuskure ma ke bi. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari. A watan Maris na 2016 wani mai tsara manhaja ya janye wani ɗan ƙaramin kundi mai suna left-pad daga npm, sai ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya suka kasa haɗuwa, saboda sun dogara da shi ba tare da wasunsu sun ma sani ba. Wanda ya jingina aikinsa da rumbu ya ɗauki amanar wasu, ya kuma ɗauki kasawarsu.

Nauyi na biyu shi ne sabuntawa. Gyara ba ya zuwa da kansa, sai ƙungiya ta ɗauki sabon bugu. Lambar bugu kashi uku ce: idan ta ƙarshe ta canza, ƙaramin gyara ne, idan ta tsakiya ce, ƙari aka yi, idan kuwa ta farko ce, to akwai canjin da zai iya karya tsohon aiki. Bugu na 5, na watan Disamba 2023, ya daina gudanar da JavaScript a kan Internet Explorer 11, burauzar da Microsoft ya daina tallafa wa a watan Yuni na 2022. Shafukan sun ci gaba da buɗewa a kanta, saboda an gina sassan ta yadda ainihin aikinsu bai rataya ga JavaScript ba, amma kowace ƙungiya sai da ta duba nata aikin. Haka nan a watan Fabrairu na 2024, da aka sauya hoton kambin sarauta da ke kan shafi zuwa wanda Sarki Charles na III ya zaɓa, ƙungiyoyin da ke biye da sabbin bugu sun yi sauyin cikin sauƙi. Wanda ya kwafi sassan ya liƙa a aikinsa ya yi musu kwaskwarima, ya yanke igiyar da ke haɗa shi da rumbun, dole ya bi shafukansa da hannu.

Nauyi na uku shi ne iyakar mallaka. Birmingham, mai mutane sama da miliyan 1.1 a ƙidayar 2021, tana da majalisarta da shafinta. Yankin Babbar Manchester kuwa majalisu goma ne, kowace da nata. Waɗannan majalisu na iya ɗaukar sassan rumbun, amma kambin sarauta da haruffan GOV.UK an keɓe su ga shafukan gwamnatin tsakiya, domin kada jama'a su ruɗe game da wanda suke hulɗa da shi. Saboda haka mazaunin birni ɗaya kan gamu da fuska iri ɗaya wajen biyan kuɗin hayaƙin mota, ya gamu da wata dabam wajen biyan harajin gida.

Nauyi na huɗu shi ne shugabanci. Rumbun da kowa ke zuba abin da ya ga dama zai zama juji, wanda kuma aka kulle zai tsufa. Masu kula da na GOV.UK sun gindaya sharuɗɗa: sabon sashe sai an nuna cewa ayyuka da yawa na buƙatar sa, kuma babu makamancinsa a rumbun, sannan a gwada shi da mutane, ciki har da naƙasassu, kafin a karɓa. Wannan aiki ne na dindindin da ke buƙatar ma'aikata da kasafi.

7.0 Abin Lura Ga Masana Hausa

Kowane sashe yana ɗauke da zato game da mutumin da zai yi amfani da shi, kuma rumbu na yaɗa wannan zato kamar yadda yake yaɗa komai. Sassan GOV.UK sun daɗe da wasu kalmomin Ingilishi a dashe cikinsu, kamar waɗanda ke gaya wa mutum adadin haruffan da suka rage masa. Sai a ƙarshen 2022 aka buɗe hanyar sauya su, abin da ya sauƙaƙa aiki ga shafukan harshen Welsh. Idan harshen da doka ta ba matsayi a ƙasar ya jira haka, to harsunan baƙi mazauna Manchester da Birmingham, ciki har da Hausawa ɗalibai da ma'aikata, ba za a yi tsammanin an yi tunaninsu tun farko ba.

Matsalolin Hausa a fuskar shafi sanannu ne. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna da gurabensu a tsarin Unicode, amma ba kowane salon haruffa ke ɗauke da su ba. Idan babu, burauza kan aro su daga wani salo, sai kalma ta fito da harafi ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, wani lokaci ma akwati ne zai fito a madadinsa. Gurbin suna da aka tsara ya karɓi haruffan Ingilishi 26 kawai zai ƙi Ɗanladi, ya ƙi Sa'adatu saboda alamar hamza. Raba suna gida biyu, na yanka da na iyali, bai dace da al'adar da mutum ke haɗa sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da na garinsu ba. Rubutun ajami kuma daga dama yake farawa, abin da ke buƙatar a juya tsarin sashen gaba ɗaya. Shawarar tsarin GOV.UK game da sunaye ita ce gurbin ya karɓi duk haruffa da alamomin da mutum zai buƙata, kuma wannan shawara ta isa a yi koyi da ita.

Jami'o'i da mujallu da hukumomi a Nijeriya da Nijar suna gina shafukan rajista da na biyan kuɗi, galibi kowa da nasa. Idan kowane shafi zai warware matsalar haruffa masu lanƙwasa shi kaɗai, mafi yawa ba za su warware ba. Idan kuwa aka warware ta sau ɗaya a cikin rumbu, tare da daidaitattun kalmomin Hausa na maɓallai da saƙonnin gargaɗi, duk wanda ya ɗauka ya samu. A nan aikin masanin harshe yake: ya zauna tare da masu tsara manhaja tun lokacin gina sashe, kafin a kai ga kiran sa ya fassara abin da aka riga aka gama.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana rumbun sassa a matsayin ma'ajiyar da ake gina abubuwan fuskar shafi sau ɗaya domin amfanin mutane da yawa, ta kuma bi misalin GOV.UK Frontend a Manchester da Birmingham. An ga cewa gyaran alamar tsayawa da na gurbin lambobi da sashen fita da gaggawa sun isa ayyuka masu yawa ta hanya ɗaya, kuma ta wannan hanya ce kuskure ko mantuwa da wani rukunin jama'a za su bi. Saboda haka ɗaukar rumbu ba shi ne ƙarshen aiki ba. Yana buƙatar bin sabbin bugu, da guje wa kwafi da kwaskwarima, da mayar da abin da aka gano ga masu kula da shi. Ga masu son ganin Hausa ta zauna da gindinta a intanet, wurin da ya fi cancanta su sa hannu shi ne cikin rumbun kansa, inda gurbin suna guda da aka gyara zai karɓi sunan Ɗanladi a kowane shafin da aka gina da shi.